Ruwan da Na Ɗura wa Taraktar Sale

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Ɗana Mansur, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko a cikin bas ka buɗe ta ko bayan ka sauka Ɗabarjal, can arewa. Allah ya tsare maka hanya, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama.

Na sa uwarka ta cusa takardar a aljihun rigar sanyin da ta sayo maka a Bagdadiyya nan Jidda. Ba ta san abin da ke ciki ba, tana zaton addu'o'i ne na rubuta maka. Na san karatun Hausa yana ba ka wuya, harafi harafi kake bin sa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ka daure ka bi har ƙarshe. Da Larabci na yi fiye da shekara talatin ina ba kafili, ubangidan da takardar zamana ke hannunsa, haƙuri, ina ce wa mudir, wato manaja, “hadir”, wato to ranka ya daɗe, har bakina ya saba da lanƙwasa magana a cikinsa. Wannan maganar da Hausa kaɗai zan iya yin ta a miƙe.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gidan da ka baro jiya. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar da ka yi ranar Juma'a muna cin abinci. Uwarka tana ta ja maka kunne a kan taraktocin gonar da za ka riƙa gyarawa, ka yi dariya ka ce, “La tkhafi ya Umma, kada ki ji tsoro, ni ba Baffa Sale ba ne. Ni ba na gudu.” Kowa ya yi dariya, har ni na murmusa. Tun daga ranar abinci bai sake yi min daɗi ba.

A bakina ka koyi wannan magana. Ni na raine ka da ita. Ka hau keke da sauri, in ce kada ka zama Sale. Ka fara koyon mota, in ce ka tuna ƙafar Baffanka. To ƙarya nake yi, Mansur. Ba gudu ne ya cinye ƙafar ƙanena ba. Ni ne, da tiyo a hannuna da ruwan tanki. Ga shi yanzu a gidansa za ka sauka, abincin matarsa za ka ci, kana kallon sa da idon da na ba ka. Na san abin da takardar nan za ta ci min. Kana gani na da girma, kuma ba ni da wani abu a duniya da ya wuce wannan, ba gida, ba ƙasa, ba takardar zama ɗan gari. Shi nake ajiyewa a gabanka yau, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Ka san aikin taya, amma a makaranta ka san shi, a ɗaki mai sanyi. Ni a rana na koye shi, a banshar ɗin nan, shagon facin da ke kan hanyar Abhur ta bakin teku, lokacin da babu komai a wajen sai yashi da katangun masu hali. Taraktocin Abhur ba noma suke yi ba. Kwale-kwale suke jawowa daga ruwa, suna baje yashi a gaban gidajen hutu. Tarakta marar nauyi in ta shiga yashi sai ta tsaya wuri ɗaya tana juya taya tana nutsewa. Shi ya sa ake ɗura wa tayoyin baya ruwa don su kama ƙasa, kuma nauyin ya zauna ƙasa ƙasa yadda ba za ta yi saurin kifewa ba. Duk hanyar nan ni aka sani da wannan aikin. Haruna mai ruwa ake ce min, kuma sunan ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata.

Wautata ta farko da ruwan teku na yi ta. Motar ruwa ta yi jinkiri, teku kuwa ga shi a gabana, na ce ai ruwa ruwa ne, na teku ma ya fi nauyi. Ba a yi shekara ba aka dawo min da taraktar. Tiyub ya ɗan yi yoyo ba wanda ya lura, gishiri ya zauna yana cin jant, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kai. Da na danna wajen bawul da babban yatsa sai ya shige. A arewa za ka tarar wasu suna amfani da wani farin gishiri na musamman mai hana ruwa daskarewa, kuma yana ƙara nauyi, gaskiya ne. In mudir ya nace sai shi, to ka tabbata akwai tiyub mai kyau a ciki. Gishirin ake zubawa a cikin ruwa, ba a kwara ruwa a kan gishirin, don zafi yake ɗauka ya fantsamo maka a fuska. Ka bar shi ya huce kafin ka ɗura, kuma duk inda ya ɗiga a jikin ƙarfe ka wanke nan take, kada ka ce sai an jima.

Ta biyu kuwa rashin sanin iyaka ce. Na ce tunda nauyi ake nema, me zai hana in cika tayar fal? Na cika ta har babu wurin iska. Direban ya dawo bayan kwana uku yana dafe da ƙugu yana zagina, ya ce kamar a kan turmi yake zaune. Ruwa ba ya matsuwa, iska ce ke shanye duka. Kafin sati tayar ta hau wani dutse ta tsage a gefe. Ga yadda ake yi, ko da ka sani ka sake ji. Ka sa afrita, wato jak, ka ɗaga gefen da za ka yi, ka tokare sauran tayoyin, ka sa katako a ƙarƙashi don afrita kaɗai ba abin yarda ba ce. Ka juya tayar har bawul ya zo can sama. Ka cire zuciyar bawul iska ta fita, ka haɗa tiyo, ka riƙa tsayawa kana sakin iskar da ke taruwa, in ba haka ba ruwan zai ƙi shiga. Da zarar ruwa ya kai bakin bawul, halas, shi ke nan, ka tsaya. Kashi uku cikin huɗu ke nan, sauran na iska ne. Ka mayar da zuciyar bawul, ka buga iska, ka auna bawul yana sama, ka wanke gejin bayan ka gama. Abin da ka sa a dama shi za ka sa a hagu daidai wa daida. Kuma kada ka taɓa yunƙurin cire tayar da ke da ruwa kai kaɗai, ta fi ka nauyi sau da yawa kuma ba ta jin kira.

Waɗannan biyun ka sha jin su. A gaban baƙi nake ba da su ana shan shayi ana dariya, don a ce Malam Haruna mutum ne mai amsa laifinsa. Na iya zaɓar laifin da zan amsa. Na ukun ne ban taɓa faɗa ba.

Kafilinmu ɗaya ne ni da Sale a lokacin. Ni na sa aka kawo shi daga Gusau, ni na koya masa tuƙin tarakta a yashin Abhur, ɗakinsa na jikin namu a Ammariyya. Kafili ya sayi gona a arewa, wannan dai gonar da za ka, ya ce za a ɗora tarakta ɗaya a babbar mota a kai can, Sale ya bi ta ya zama direbanta. Aka kawo min ita in shirya tayoyi. Direban babbar motar wani Bashame ne, Balaraben ƙasar Sham, mai jan fuska, ya sauke min duro biyu na koren ruwan nan irin na lagireto, ya ce kafili ya ce a gauraya shi da ruwan tayar.

Na ce masa, “Na mene ne?”

Ya ce, “Mani'ut tajammud. Can ruwa yana daskarewa.”

Na yi dariya. Gumi na zuba a jikina, ƙarfe ba ya taɓuwa don zafi. A rayuwata ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake sayarwa a leda. Na ce masa shekara goma ina wannan aikin, ruwan da ya kai wannan yawa a cikin baƙar roba babu sanyin da zai iya da shi. Da ya tsaya nan da wataƙila na zuba, ko don in rabu da shi. Sai ya juya ya kalli mutanen da ke zaune a benci, ya nuna ni da sigarinsa ya ce, “Shufu, ku ga Takruni, zai koya min sanyi. Ya akhi, kai zuba kawai aka ce ka yi, ba tunani ba.”

Suka yi dariya. Kai ma an taɓa kiran ka da sunan nan da suke kiran baƙar fata irinmu, da irin wannan muryar, ka san yadda yake sauka a ƙirji. Na ce masa “hadir”, ya tafi cin abinci. Na mirgina durorin nan biyu na kai bayan tarin tsofaffin tayoyi na rufe da tamfol. Na jona tiyo a tanki na ɗura zallan ruwa, kashi uku cikin huɗu, dama da hagu daidai, aiki mai kyau. Sale yana tsaye yana riƙe min tiyon yana ba ni labarin ɗakin da aka ce za a ba shi, bai san abin da aka ce a zuba ba. Da Bashamen ya dawo ya tambaya na ce an zuba. Da kafili ya bugo ya tambaya na ce an zuba. Ranar na koma gida ina jin na rama.

Ka ji wannan da kyau, ɗana, don kai ma zuciya gare ka irin tawa. Za a wulaƙanta ka a wurin aikin nan, ba ko shakka. Wani wanda bai kai ka sani ba zai yi maka magana kamar da bawan gidansu. Ka ji haushi, halal ɗinka ne. Amma ka raba mutumin da maganarsa. Bashamen nan marar mutunci ne, kuma gaskiya ya faɗa, duka biyun. Ni na ƙi gaskiyar don in hukunta shi, shi kuwa ya sauke kayansa ya koma garinsu, har yau bai san an yi ba. In za ka rama, ka rama da bakinka a gabansa, kada ka rama a jikin injin da wani zai hau. Kuma abin da ka sani a Jidda, a Jidda ka san shi. Garin da ruwa bai taɓa daskarewa ba bai isa ya koya maka sanyi ba, ka tambayi mutanen wurin ko da su ne masu share garejin.

Wata uku ba abin da ya faru, har na manta. Sai hunturu ya shigo, na fara jin rediyo a shago ana cewa sanyin arewa ya yi tsanani, famfuna suna fashewa, kwana da kwanaki. Na ji, kuma na tuna. Waya tana nan a shagon kusa da mu, minti biyu ya ishe ni in ce wa Sale kada ya taɓa taraktar. Kullum sai in ce gobe, don in na kira sai na faɗi dalili, in na faɗi dalili sai ya kai kunnen kafili. Kwana shida ina cewa gobe.

Ran na bakwai da hantsi mudirin gonar ya bugo. Ya ce taraktar ta kwana biyar a ajiye a inuwar rumbu saboda sanyi, da safen nan Sale ya ja tirela cike da taki ya hau hanyar da ke bin gefen kwari, ta kife da shi, tayar baya ta danne masa ƙafa. Ya ce an kai shi asibiti, yana da rai. Ya ce, “Ɗan'uwanka ya amsa da bakinsa, gudu yake yi.”

Yanzu zan faɗa maka abin da ubanka ya fara yi da ya ajiye waya. Ba tasha na nufa ba, ba gida na je na gaya wa uwarka ba. Bayan tayoyin nan na zagaya, na yaye tamfol, na mirgina durorin zuwa bayan katanga na buɗe su a cikin wani rami. Na tsaya har suka tsiyaye, na kai durorin wajen masu gwangwan. Sai bayan nan na tuna ina da ƙane a asibiti.

Akwai wani tsoho da ke kiwon awaki a filin bayan shagon, kullum da rana sai ya zo ya sha ruwa a wurina. Koren ruwan nan zaƙi gare shi, dabba tana bin sa da gudu, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Da na dawo daga arewa na tarar awakinsa biyar sun mutu. Ya zauna a bencina yana tambayata ko na ga abin da suka ci, na ce wallahi ban gani ba, na miƙa masa ruwa ya sha. Gonar da za ka akwai tumaki, akwai karnuka, akwai 'ya'yan ma'aikata da ke yawo ba takalmi. In za ka gauraya, ka nemi irin maganin daskarewar da ba shi da guba sosai, akwai shi, an rubuta a jikin jarka. In babu sai na lagireto, to ka shimfiɗa faranti a ƙarƙashin bawul, ka tare duk abin da ya zuba, ka rufe a duro mai murfi, kada ɗigo ɗaya ya kwana a ƙasa. Yawan da za ka gauraya kuwa ka bi abin da ke jikin jarkar, ka auna da sanyin da ya fi kowane tsanani da tsofaffin wurin suka taɓa gani, ba da sanyin bana ba.

Kwana ɗaya da rabi na yi a hanya. Da na sauka da safe, a bakin masallacin tasha na ga bokitin alwala da fatar ƙanƙara a kansa, na sa yatsa na fasa. Karo na farko ke nan da na gani da idona. A asibiti na tarar an riga an yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Sale ya rame a kwana biyu kamar ya yi wata yana jinya. Na zauna a gefen gadon ina ta sannu, ina ta Allah ya sa kaffara ne. Ya bari sai da mai jinyar gadon kusa ya fita, sannan ya ce min a hankali,

“Yaya, ba gudu nake ba.”

Na daina sannun da nake ta yi.

Ya ce, “Tun da na fito take ta tsalle, kamar akwai dutse a cikin tayar. Na rage gudu, ina neman wurin tsayawa, sai ta dama ta fashe a daidai gangaren. Ina kwance a ƙarƙashi na ga abin da ke fitowa daga cikinta. Fari ne, Yaya, guntu guntu. Babu kore ko kaɗan.”

Na ce, “Wa ka gaya wa?”

Wannan ce tambayar da na yi wa ƙanena, Mansur, kwana biyu da yanke masa ƙafa. Ban ce ka yafe min ba. Na ce wa ka gaya wa.

Ya ce, “Ba kowa. Kafin su zo ɗauko taraktar da yamma rana ta narkar da ita. Na ce musu gudu na yi. In suka san kai ne, kuruj za su buga maka, su kore ka daga ƙasar, su sa ka a jirgi. Rabi ta kusa haihuwa. Ni ba ni da kowa tukuna.”

Rabi uwarka ce, cikin kuwa kai ne. Saura sati uku a haife ka. Na kama hannunsa na ce Allah ya ba ka lafiya, na tashi na ce zan nemo masa lemo. Na daɗe a tsaye a waje, abin da na ji a zuciyata kuwa, tunda na ce zan faɗi gaskiya, sauƙi ne. Na ji na tsira.

Aka rubuta sakacin direba. Kafili ya ce don Allah ba zai kore shi ba, ya mayar da shi mai gadin ƙofar gona. A wannan ƙofar yake zaune har yau, mutumin da ya fi kowa iya juya tarakta da tirela a baya, yana ɗaga wa wasu sanda suna wucewa. Na dawo Jidda uwarka ta tare ni a bakin ƙofa da cikinta tana tambaya, na ce gudu ya yi. Sau ɗaya na yi niyyar faɗa, don in rufe maganar. Amma dangi suka tambaya na maimaita, mutanen masallaci suka tambaya na maimaita har da ƙari, na ce dama tun yana yaro ba ya jin magana. Da ka fara tafiya na mayar da ita tarbiyya.

Ga abin da ya fi ci min rai, kuma ban san ko za ka gane shi a shekarunka ba. Na tsani Sale. Da ya zage ni, da ya tona min asiri, da mun yi faɗa mun shirya kamar kowane wa da ƙane. Amma kowace Sallah sai ya bugo ya ce, “Yaya, ya ibada? Ya Mansur, ya girma?” Ko sau ɗaya bai taɓa kawo maganar ba. Duk gaisuwarsa sai in ji kamar ya ɗora min dutse a ƙirji, in ajiye waya in huce a kan uwarka ko a kanku. Kun sha tambayar me ya sa ba ma zuwa arewa hutu, in ce nisa. Ya yi aure ban je ba, na ce aiki. Shekara ashirin da huɗu ban sake kallon fuskarsa ba, kuma na bar ku kuna zaton shi ne mai jin kunya.

Da ka gama karatu ka yi wata tara kana yawo da takardu daga Bagdadiyya zuwa Abhur, ana ce maka aikin na 'yan ƙasa ne, wa ya samo maka wannan? Shi ne ya ja sandarsa ya je ofishin ɗan kafili, wanda ya gaji gonar, ya zauna har aka gan shi. Ya bugo min ya ce, “Yaya, ka turo shi, na share masa ɗaki.” Kai kuma ka zauna a kan tabarmata kana dariya kana cewa kai ba Baffa Sale ba ne. Ba laifinka ba ne. Amma gaskiya ka faɗa ba ka sani ba, ba ka kai shi ba, ni ma ban kai ba.

Nasihata a nan gajera ce, don ban cancanci in yi doguwa ba. Za ka yi kuskure a aikin nan, duk mai riƙe sifana yana yi. Ka faɗa a ranar. Ranar farko kunya ce kawai za ka sha, da faɗan mudir, wataƙila da kora. Ni na ji tsoron waɗannan, na jira, abin ya tashi daga kunya ya koma ƙafar mutum. Kuma in wani ya rufa maka asiri, kada ka bar shi ya ɗauki kayan shi kaɗai, ballantana ka hau kai ka zauna kamar yadda na yi.

Sannan kafin sanyi ya shigo, ka bi taraktocin gonar ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yarda da takarda, kada ka yarda da wanda ya ce maka an zuba, ko waye shi, ko da mai furfura ne yana rantsuwa. Ka juya bawul ƙasa, ka tsiyayi kaɗan a kofi, ka rubuta lambar taraktar a jiki, ka sa a firiza ka bar shi ya kwana. Wanda ya daskare, ka cire makullin taraktar ka sa a aljihunka har sai ka zubar ka sake ɗurawa. Za su ce ka cika naci, za su ce ɗan Jidda ya zo da iyayi. Ka bar su su faɗa.

Uwarka zan gaya mata da bakina bayan bas ɗinku ya tashi. Shekara ashirin da huɗu tana yi wa Sale addu'ar shiriya a kan laifin da bai yi ba, ban san da wane ido za ta dube ni ba. Wannan tsakanina da ita ne, kada ka sa baki.

Idan ka isa, zai fito tarbar ka da sandarsa, kuma na san halinsa, zai kai hannu ya karɓi jakarka. Kada ka bari. Ka durƙusa har ƙasa ka gaishe shi da Hausa, ko da ta karye a bakinka. Ba na ce ka roƙar min gafara ba, ba a aika ɗa wannan aiken, nawa ne, kuma ban san ko zan iya ba. Zai tambaye ka, “Ya Yaya?” Ka ce masa Yaya ya faɗa maka. Iyakar saƙona ke nan, zai gane.

Allah ya sauke ka lafiya, ya tsare ka a sanyi da zafi, ya kiyaye hannunka daga cutar da wani, ya sa albarka a abin da za ka ci. Allah ya saka wa Sale da abin da ni na kasa. Ka kira uwarka da zarar ka sauka, ba za ta iya cin abinci ba sai ta ji muryarka. Ni ba sai ka nemi a ba ni wayar ba. Ranar da ka ji za ka iya, ina nan a shago.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna